Rijiyar Masallaci da Karofin Malam Ado

Ku samarin da kuke shigowa birni da motar haƙa burtsatse, ku tare lungu, ku hana mutane barcin rana da ƙara, na ji abin da kuke faɗa a kanmu. Wai aikin rijiya ba komai ba ne illa ka yi ta tono har ka ga ruwa, ko jaki aka ba diga zai iya. Ban ji haushi ba. Ni ma da ina da injin da zai huda ƙasa yau ya fito da ruwa gobe, da na faɗi wadda ta fi wannan. Sai dai ku a sama kuke tsayawa, abin da yake fito muku taɓo ne da injin ya riga ya dama, ja da fari da baƙi duk sun zama ɗaya. Ni kuwa na zauna a can ƙasa, ƙafata a cikin ruwa, ina kallon ta inda yake shigowa. Sunana Hamisu, kuma tun kafin a haifi iyayen wasunku nake shiga rijiyoyin cikin ganuwar Kano. Har yau ban daina jin tsoron Allah ba in na tuna abin da yake ƙarƙashin ƙafafunmu.

Rijiyar farko da na sa wa hannu a wani gida ce bayan Ƙofar Nassarawa, a hannun maigidana Malam Inuwa. Inuwa Gajere ake ce masa, kuma gajartar ta yi masa rana, don ramin da wani zai durƙusa shi a tsaye yake sara. Ban fara da shiga ba. Na daɗe a bakin rami ina jan igiya ina juye kwando, har tafin hannuna ya yi kanta. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai dagi, ƙarfe mai faɗin baki da ake sara da shi a tsaye, da diga mai gajeriyar ƙota don doguwa ba ta juyuwa a rami, da guduma, da igiyar rama, da guga. Akwai 'yar fitila da ake zurawa kafin mutum ya sauka, in ta mutu a hanya ba mai shiga ranar, ko da mai rijiyar zai yi ta kumfar baki. Sai kuma wani ƙaramin ludayin duma da Malam Inuwa yake ratayawa a wuya, wanda na daɗe ina zaton na shan fura ne.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne tulin ƙasa. Ba ya yarda a zube ta wuri ɗaya. Kowace iri da tulinta, a jere yadda ta fito. Ta sama baƙa ce, ƙasar gari, cike da toka da tsingaro da ƙasusuwa, abin da mutanen da suka riga mu zama suka bari. Ƙarƙashinta jar marmara mai tsakuwa, sai yumɓu mai danƙo, sai ruɓaɓɓen dutse wanda in ka kalle shi dutse ne, in ka matse shi ya warwatse a hannunka. Wata rana na gaji na haɗa biyu, ya leƙo daga rami ya ce, "Hamisu, a gidanku gero da dawa buhu ɗaya ake zuba su?" Da ya fito sai ya dunƙule hannu ya yi gurbi a kan kowane tuli, ya zuba ruwa da ludayin nan, ya ce in zauna in kalla. Na tsakuwa kafin in gyara zama ya ɓace. Na ruɓaɓɓen dutse ya ɗan daɗe yana sauka. Na yumɓu kuwa muka tafi sallar la'asar muka dawo yana nan, har wata kaza ta zo tana sha.

A nan ya fara koya mini abin da mutanen sama ba su sani ba. Su suna zaton wani ƙaton tafki ne kwance a ƙarƙashin Kano, kowa ya huda ya ɗebi nasa. Malam Inuwa ya ce ruwan ƙasa tafiya yake yi, kuma ba da sauri ɗaya ba. Yana da titunansa, yana da lungunansa, yana da inda hanya take ƙarewa. A cikin yumɓu zai shekara bai yi taku ɗaya ba. In ya samu jijiyar tsakuwa, ko faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai ya bi ta ya ratsa unguwa guda. Duk abin da ya narke a cikinsa kuma, gishiri ne, kanwa ce, ƙazantar masai ce, tare suke tafiya. Shi ya sa in rijiya ta kawo ruwa ba ya jiran ya taru. Kowane ido, wato kowace kafa da ruwan yake tsattsafowa, sai ya tara ludayi ya ɗanɗana shi daban kafin ya gauraya da sauran. Ranar ɗanɗano ba ya cin goro, ni ma ya hana ni, wai goro yana sa harshe ya yi ƙarya. Mutumin da goro ba ya barin bakinsa, ka gan shi ranar yana ta hamma yana faɗa da kowa.

Aikin da ya fara sa jikina ya yi sanyi na wasu wa da ƙani ne a wajen Ƙofar Ruwa. An raba musu gidan gado, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kowa ya ce a haƙa masa tasa. Muka haƙa ta wan, ruwa ya fito garai-garai mai daɗi. Muka tsallaka katanga muka haƙa ta ƙanin, zurfi ɗaya, sai ga zartsi, ruwan nan mai ɗanɗanon kanwa da sabulu ba ya kumfa a cikinsa. Ƙanin ya ce mun yi masa mugunta, matarsa ma daga bayan ƙyaure ta ce ai an ga wan yana kawo mana tuwo. Malam Inuwa bai yi musu da su ba, ya nuna musu tulin ƙasar gidan nan da na gidan can, ko yaro zai ga ba iri ɗaya ba ne. In kana cikin ramin ƙanin kana iya jin ƙarar gugan wan yana dukan ruwa. Duk da haka ruwan biyu ba su san juna ba.

Masu ba mu aiki kullum inda ya fi musu sauƙi suke nunawa, kusa da madafa, ko inda ba zai tare wa yara wurin wasa ba. Mu kuma abin da muke fara tambaya shi ne ina masai yake, na gidan da na maƙwabta, da tsohon da aka cike aka manta. Wani ya ce ai da nisa. Nisa a sama daban ne, a ƙasa daban. Na ga masai da rijiya kusan kafaɗa da kafaɗa, yumɓu ya raba su, ba abin da ya faru har aka rushe gidan. Na kuma ga wanda yake can ƙarshen gida ya lalata rijiya a damina ɗaya.

Shekarar da ta fi yi mana muni ita ce wadda damina ta gaza sau biyu a jere. Rijiyoyin da muka haƙa da hannunmu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, mutane suna zuwa har gida suna cewa mun yi musu aikin ganin ido. Muka koma muna ƙara zurfi, muna dukan dutse da guduma daga safe zuwa yamma don a samu abin da bai cika kwando ba. Iska ta yi ƙaranci a ramuka, fitila tana mutuwa, mu kuma ga iyali. A shekarar ƙirji ya kama Malam Inuwa, bai sake shiga rami ba har Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan ne aka fara kawo irin motocinku, sabon haƙa ya ja baya, aikina ya koma yasa, wato kwashe taɓo da tarkacen da suka taru a gindin tsofaffin rijiyoyi. Na raina aikin da farko. Amma shi ya shigar da ni gidaje da yawa, har na san ɗanɗanon ruwan unguwanni kamar yadda mai shayi ya san bakin masu zuwa teburinsa.

Yasa ce ta kai ni ga aikin da nake son ku ji. A wata unguwa da ba ta da nisa da Ƙofar Wambai akwai wani ƙaramin masallaci mai rijiya a harabarsa, ruwanta mai daɗi, da shi ake alwala tun zamanin kakanni. Sai ruwan ya fara sauyawa. Da farko tsofaffi ne kawai suke cewa kamar akwai wani abu, ana ce musu bakinsu ne. Bayan damina biyu ba mai musu, in ka kurkure baki sai ka tofar. A bayan katangar masallacin kuwa akwai karofi, ramin rini, na wani dattijo Malam Ado marini. Da can ramuka da yawa ne a filin, duk an cike su an yi shaguna, saura nasa guda ɗaya, wanda kakansa ya gina. Da shi yake ci da iyalinsa. Kowa yana jin warinsa in ya motsa shi da muciya, kowa yana ganin baƙin ruwan da yake ciki. Ba a daɗe ba magana ta tsaya a wuri ɗaya, cewa karofin ne yake tsiyaya cikin rijiya, a cike shi.

Mai unguwa ya aika aka kira ni zaurensa. Na tarar da Liman da dattawa, Malam Ado yana zaune can bakin ƙofa, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya ɗora su a kan cinya kamar ba nasa ba.

Liman ya ce, "Malam Hamisu, abin da ya dame mu ba shan ruwan ba ne, ga 'yan garuwa nan. Alwala ce. In ƙasa ce ta sauya shi da kanta, ba laifi, haka Allah ya yi wurin. In kuwa wani abu ne ya shigo daga waje har ya sauya ɗanɗanonsa, ba a alwala da shi. Muna so mu san wanne ne."

Wani dattijo mai kaifin baki ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba sai an wahalar da bawan Allah ba. Ga abu a bayan katanga. Ni tambayata ma, sallolin da muka yi ta yi da ruwan nan fa?"

Ba wanda ya kalli Malam Ado, shi ma bai ɗago ba.

Washegari ban ci goro ba. Ni da abokin aikina Garba Dogo, wanda ya daɗe yana riƙe mini igiya, muka kwashe ruwan rijiyar har gindi, muka zura fitila, na sauka. Idanu biyu ne. Na ɓangaren karofi yumɓu ne zalla, ruwan ba ya gudu, gumi kawai bangon yake yi. Na daɗe da ludayi a manne kafin ya tara abin da zai jiƙa harshe. Na ɗanɗana, ruwa ne mai daɗi, mai sanyi, ba wari, ba santsin toka irin na ruwan rini. Na juya ɗaya ɓangaren, wanda ya ba karofi baya. A nan wata jijiyar farar tsakuwa ce ta ratsa bango a karkace, faɗinta kamar tafin hannu, ruwa yana zubowa ta cikinta har da 'yar ƙara. Na tara na kai baki. Gishiri ne sak, da wani ɗan ƙarni a bayansa.

Na jingina da bango na daɗe ban ja igiya ba, har Garba ya girgiza ta ya ce, "Kana da rai kuwa?" Ina da rai, lissafi nake yi. Na tuna gidan wani tela da na yi wa yasa shekarun baya, ruwansa ya yi irin wannan ɗanɗano, muka ce zartsi ne. Kafin shi akwai gidan wata Hajiya mai ƙosai, can gaba, ita ma haka. Tsakaninsu akwai gidaje da yawa da ruwansu lafiya ƙalau. Da na jera su a kaina sai na ga layi ne, karkatacce, yana ratsa katangu da lunguna ba ruwansa da su, kuma kowace rijiya a kan layin ta lalace bayan wadda take gabanta. Ƙarshen layin wani tsohon sito ne na wani Alhaji mai fataucin fatu, ɗan gidan makiyaya da suka daɗe da zama birni. A can ake barbaɗa wa ɗanyun fatu gishiri a jibge su, kuma na san akwai matacciyar rijiya a tsakar siton inda ake share ruwan gishirin ya gangara. Ba da mugunta ba, kowa yana ganin rami ne da ba ya amfanin kowa. Alhajin ya daɗe da rasuwa, siton ma ya zama shagon robobi. Shi ya tafi, gishirinsa yana nan yana tafiya a cikin duhu, gida bayan gida, sai yanzu ya iso masallaci.

Da na fito na koma zauren mai unguwa na faɗa musu, dattijon nan mai kaifin baki ya yi dariya har da tafa hannu.

"To, Malam Hamisu, ka ce gishirin mamaci ne ya taso daga can, ya tsallake gidana, ya tsallake gidan mai unguwa, ya zo ya faɗa rijiyar masallaci. Shi kuma ramin da yake jingine da katanga, wanda warinsa yake hana mu sakat, shi ba ruwansa?"

Na ce haka na gani.

Liman mutum ne mai adalci. Ya ce, "Ban ƙaryata ka ba. Amma harshenka ne ya ɗanɗana, mu ba za mu iya shiga rijiya ba. Babu wani abu da ido zai gani?"

Akwai, amma ban so in faɗa ba. Sai an haƙa rami a jikin karofin ta waje, tsakaninsa da masallaci, har gindinsa, a ga ko rini ya fita. Karofi kuwa ba da siminti ake gina shi ba. Da laso ake shafe shi, wani haɗi da marina suke yi da katsi, wato dattin gindin ramin rini da aka ƙona, kuma ƙasar da take rungume da shi ta waje ita take riƙe shi. In ka janye ta, tsohon bango yana iya tsagewa. Na faɗi haka a gaban kowa, na ce ni ban ba da shawarar a yi ba.

Da aka watse Malam Ado ya biyo ni har bakin lungu. A nan na ji cewa tun da maganar ta taso ya daina salla a masallacin. Can wata unguwa yake tafiya, sau biyar a rana, da ciwon gwiwarsa, don kada ya ga mutane suna alwala da ruwan saye suna satar kallonsa.

Ya ce, "Malam Hamisu, kai ka tabbata ba ni ba ne?"

Na ce, "Na tabbata da abin da na ɗanɗana."

"Ni ban tabbata ba. Kullum in na tsoma zane sai in ga kamar yana tafiya can. In ni na ɓata wa jama'a salla, gara in sani tun ina da rai. Haƙa."

Na ce, "Malam, in ya tsage fa? Ba ka da wani."

Ya ce, "Na ji ka tun a zaure. Haƙa."

Muka kwashe rinin muka zuba a durom-durom, muka rufe. Ban taɓa yin haƙa a hankali irin wannan ba. Diga ma ban ɗauka ba, da ƙaramin dagi nake yi, in na kusa bango in koma da hannu. Bayan ƙasar sama sai yumɓu, fari-fari mai ɗan toka-toka, irin wanda na gani a rijiyar. Bangon laso ya bayyana, baƙi, mai tauri, har da shatin yatsun wanda ya shafe shi. Na sa wuƙa na yanki yumɓun da yake manne da shi don in ga cikinsa.

Shuɗi ne, shuɗi mai kyau irin na rawanin da aka gama bugu. Amma kaurinsa yatsa biyu ne. Bayan yatsa biyun nan yumɓu ya koma farinsa tas, kamar an ja layi da zare. Na ƙara sauka, na sake yanka, haka. Har gindin karofin, inda rini ya fi nauyi ya fi daɗewa, bai kai yatsa uku ba. Tun daga kakan mutumin nan ake jiƙa shuni da toka a ramin, ba rani ba damina, kuma duk tsawon zamanin nan abin da ya iya ratsawa ke nan. Can kuwa gishiri ya samu tsakuwa ya ƙetare unguwa a cikin 'yan shekaru. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba. Na zauna a gindin ramin ina ta salati ni kaɗai.

Muka sa tsani. Liman ya tuɓe babbar riga ya fara sauka, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsunsa biyu a kan shuɗin ya gwada, ya ce, "Allahu Akbar." Mai unguwa ya sauka. Dattijon nan mai kaifin baki ya ce shi ƙafarsa ba ta hawa tsani, aka ce ai sauka ce, aka riƙe shi ya sauka. Da ya fito sai kaɗe rigarsa yake ta yi alhali ba abin da ya taɓa ta.

Malam Ado ne ya shiga a ƙarshe. Ina sama ina riƙe masa tsani. Bai taɓa ganin bayan karofinsa ba, ba kuma wanda ya taɓa gani tun ranar da aka gina shi. Ya shafa bangon, ya shafa shuɗin, hannunsa da yumɓun launi ɗaya.

Ya ɗago ya ce, "Malam Hamisu, da kakana, da babana, da ni, iyakar inda muka kai ke nan?"

Na ce, "Iyakarsa ke nan."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya daɗe bai hawo ba.

Muka mayar da yumɓun yadda muka same shi, muna zubawa muna daɓewa, ban bar wa Garba ko kwando ɗaya ya yi shi da gaggawa ba. Aka juye rinin a ramin, ya cika har inda ya saba tsayawa. Da safe Malam Ado ya aiko a kira ni. Rinin ya sauka kamu guda. Muka sake kwashewa, na shiga ciki da fitila, sai ga tsaga siririya kamar gashi, daga tsakiya har gindi, daidai ɓangaren da na haƙa. Muka gwada siminti, tokar rini ta cinye shi. Aka nemi wanda zai haɗa laso irin na da, waɗanda suka iya sun mutu, wanda ya ce ya iya kuma ya shafa ya ɓamɓare. Malam Ado da kansa ya ɗauki shebur ya cike ramin, bai yarda kowa ya taya shi ba. Daga baya ya koma zama a rumfar wani ɗan'uwansa a kasuwa, yana ninke yadi.

Rijiyar masallacin kuwa na toshe mata jijiyar nan da yumɓu da siminti, ruwan ya ɗan gyaru, amma wanda yake gumi ta ɗaya ɓangaren ba ya isar alwalar ko sahu ɗaya, kuma da damina gishirin yana samun hanyarsa ya dawo. An cike matacciyar rijiyar siton tuni. Sai dai ƙasar da take gefen jijiyar ta sha gishiri shekara da shekaru, yanzu tana sakinsa kaɗan-kaɗan, ban san ranar da za ta gama ba, ban kuma san gidan da zai isa nan gaba ba. Liman ya ce a ci gaba da ruwan garuwa. Wannan nake so ku riƙa tunawa in kun kafa injinku kuna huda ƙasa, kuna ratsa yumɓu da tsakuwa a lokaci ɗaya ba ku san kun ratsa ba.

Bayan 'yan watanni wani aiki ya bi da ni ta unguwar, azahar ta same ni a ƙofar masallacin. Na tarar da Malam Ado a tsugune a kan dakali da buta, yana alwala a cikin mutane. Shuɗin hannunsa ya koɗe, saura a gefen farce. Na tsuguna kusa da shi muka gaisa, na rasa ta inda zan fara, don tun ranar da ramin ya tsage abin yana damuna.

Na ce, "Malam, na raba ka da sana'arka. Kana jin haushina?"

Ya gama wanke ƙafa, ya miƙo mini sauran ruwan butar.

Ya ce, "Haushin me? Da ka bar mini ramin, da har in mutu ina zaton ni ne."

Aka ta da iƙama. Ya sa takalmansa a gefe, ya riga ni shiga, ya wuce sahun gaba.